BASHI DA HANYAR FITA DAGA CIKINSA: DARASI DAGA YOLA DA JIMETA

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Da wuya a sami magidanci, ko ɗan kasuwa, ko ma'aikaci, wanda zai shekara bai karɓi kaya da alkawarin biya ba, ko bai ranci kuɗi ba. Saboda haka wannan ɗan littafi bai zo don ya kunyata kowa ba. Nufinsa shi ne ya nuna wa mai karatu yadda zai san ainihin tsadar bashin da ke kansa, da wanda ya kamata ya fara biya, da kuma abin da dokokin ƙasa suka tanadar masa da abin da suka ɗora masa. Mun ɗauko misalanmu daga Yola da Jimeta ta Jihar Adamawa, domin a garuruwan nan biyu ma'aikacin gwamnati da ɗan kasuwa da manomin fadama da mai sana'ar dabbobi suna zaune wuri guda, kowa da irin bashin da yake ci. Amma abin da za a faɗa ya shafi mutumin Sakkwato da na Maiduguri da mazaunin Sabo ta Ibadan, duka ɗaya.

JIYA DA YAU

Modibbo Adama ne ya kafa Yola a 1841, ita ce kuma mazaunin Lamiɗon Adamawa har yau. Jimeta kuwa ta bunƙasa ne a gaɓar Kogin Binuwai, inda a da jiragen ruwa na kamfanonin Turawa sukan tsaya da damina idan kogi ya cika, su sauke gishiri da tufafi, su yi lodin gyaɗa da fatu. Da aka ƙirƙiro Jihar Gongola a 1976 sai Yola ta zama hedkwata, haka kuma ta zauna bayan an fitar da Jihar Adamawa a 1991. Wannan ya tara dubban masu albashin wata a Karewa da Jambutu da Dougirei da sauran unguwanni, kuma duk inda albashi ya taru, masu ba da rance ba su yin nisa.

Bashin mutanen da a kan sanayya yake tafiya. A kasuwar shanu irin ta Ngurore mahauci yakan ja sa bai biya ko kwabo ba, domin dillali ya tsaya masa, shi kuma ya kawo kuɗin kasuwa mai zuwa. Mai shago a babbar kasuwar Jimeta yakan ba ɗan ƙauye kaya, ya rubuta a littafi, ya jira kaka. Wannan al'ada tana nan da ranta, kuma ita ce ke riƙe da cinikin talakawa. Hukuncin wanda ya saɓa shi ne zubewar mutunci, kowa ya daina ba shi. Sai dai a wancan zamani wanda ya ci amana a Yola yana iya tattara komatsansa ya koma Mubi, ko ya haura Garwa ta ƙasar Kamaru, ya buɗe sabon shafi inda ba wanda ya san shi.

Ga wanda ya ci bashin banki, wannan ƙofa ta rufe. A watan Fabrairu na 2014 Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar BVN, watau lamba mai alƙaluma 11 wadda aka ɗaura da zanen yatsun mutum da hoton fuskarsa. Ko asusu goma yake da su a bankuna goma, lambarsa ɗaya ce. A 2017 aka kafa dokar adana tarihin bashi. Akwai kamfanoni uku da Babban Banki ya ba lasisin wannan aiki, su ne CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Bankuna manya da ƙanana suna kai musu labarin duk wanda ya ranta, da nawa ya karɓa, da yadda yake biya, suna kuma duba wurinsu kafin su ba sabon mai nema. Sa'an nan daga ran 1 ga Agusta 2020 aka fara aiki da tsarin da ake kira GSI. Fassararsa a taƙaice ita ce, mai karɓar rance yana sa hannu ya yarda cewa in ya ƙi biya, bankin da ke binsa zai iya ɗebe kuɗinsa daga kowane asusu nasa a kowane banki. Abin da aka yarda a ɗeba ta wannan hanya shi ne uwar kuɗi da ruwan da ya hau, ban da tara. Saboda haka tsohuwar dabarar nan ta a ci rance a banki guda sa'an nan a mai da albashi wani banki, kwananta ya ƙare.

SANIN TSADAR BASHI

Yawancin masu neman rance tambaya ɗaya suke yi, watau nawa za a riƙa cirewa a wata. In sun ga za su iya, sai su sa hannu. Tambayar da ta fi wannan muhimmanci ita ce, daga ranar karɓa zuwa ranar gamawa, jimlar nawa zan biya a kan abin da ya shigo hannuna?

Bari mu yi misali. A ce wani ma'aikaci a sakatariyar Jimeta ya ranci ₦300,000 na wata 12, aka ce masa ruwa kashi 4 cikin ɗari ne a wata. Kashi 4 ba ya tsoratar da kunne. To amma akwai hanya biyu na lissafa shi, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba kaɗan ba ce. A hanya ta farko ana ɗora kashi 4 ɗin a kan ₦300,000 cif kowane wata, tun daga na fari har na ƙarshe, kamar dai mai rancen bai taɓa rage komai ba. Ruwa ya zama ₦12,000 a wata, ₦144,000 a shekara, jimlar biya ₦444,000, watau ₦37,000 kowane wata. A hanya ta biyu ana ɗora ruwan ne a kan abin da ya saura kawai. In yana rage ₦25,000 daga uwar kuɗi duk wata, ruwan watan farko ₦12,000 ne, na biyu ₦11,000, na uku ₦10,000, haka yana ta sauka har na ƙarshe ya zama ₦1,000. Jimlar ruwa ₦78,000. Kuɗi ɗaya, wa'adi ɗaya, kashi 4 ɗaya, amma bambanci ₦66,000. Don haka wajibi ne mai neman rance ya tambaya da bakinsa, ruwan nan a kan uwar kuɗi duka yake, ko a kan abin da ya saura? Ya kuma nemi a ba shi jadawalin biya a rubuce, ya tafi da shi gida ya kwana a kansa. Ma'aikacin bankin da ya ce ba lokaci, a sa hannu yanzu, ba alherin mai rance yake nufi ba.

Bayan ruwa akwai ƙananan caje-caje da akan cire tun kafin kuɗi su shiga asusu. Jadawalin caje-cajen banki da Babban Banki ya fitar, wanda ya fara aiki ran 1 ga Janairu 2020, ya iyakance kuɗin kula da rance kada ya wuce kashi 1 cikin ɗari, sau ɗaya, tarar jinkiri kuma kada ta wuce kashi 1 a wata a kan abin da aka makara biya. Ya kamata kuma a duba ko takardar ta ba banki ikon canja ruwa bayan an sa hannu, gama da yawa sun ba shi. A farkon 2022 ma'aunin ruwa na Babban Banki yana kan kashi 11.5, amma zuwa Nuwamba 2024 ya hau kashi 27.5, kuma bankuna a saman wannan ma'auni suke ɗora nasu.

Yanzu mu zo ga rancen wayar hannu, wanda ya fi kowanne sauƙin karɓa. Mutum yana kwance a ɗakinsa a Doubeli ko Luggere, ya sauke manhaja, ya danna sau uku ko huɗu, kuɗi su shigo. A ce ya karɓi ₦20,000 zai mayar da ₦24,000 bayan kwana 14. Naira dubu huɗu ce kawai, in ji shi. To amma mako biyu-biyu sau 26 ne a shekara. In ya kasa biyan uwar kuɗin, ya riƙa ba da ₦4,000 yana sabuntawa, ko yana karɓa daga wata manhajar yana toshe wannan, kafin shekara ta zagayo ya biya ₦104,000, alhali kuwa ₦20,000 ɗin tana nan kansa ba ta motsa ba. Wannan shi ne kashi 520 cikin ɗari. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba.

Kada manomi ya ɗauka wannan lissafi na mutanen ofis ne. Mai noman shinkafar rani a fadamar Gerio, wanda ya karɓi taki ko man injin ban ruwa daga hannun ɗan kasuwa bisa sharaɗin zai biya da shinkafa in an yi girbi, shi ma rance ya ci, ko da ba a ambaci kalmar ruwa ba. A ce abin da ya karɓa ya kai kuɗin buhu biyu, aka ce ya kawo buhu uku bayan wata huɗu. Ƙarin rabi ke nan cikin sulusin shekara, watau kashi 150 a shekara, ya ninka na banki sau da yawa. Ƙari a kan haka, ranar girbi ce ranar da shinkafa ta fi araha, kuma a ranar ake karɓe ta.

Musulmi da yawa suna ƙyamar rancen ruwa saboda haramcin riba, kuma doka ta buɗe musu wata ƙofa. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021, dukansu ba su ta'ammali da ruwa. A tsarin murabaha banki ne ke sayen kayan, ya sayar wa mai bukata da riba sananniya, ya biya kaɗan-kaɗan, kuma farashin ba ya ƙaruwa bayan an ƙulla. Amma shi ma bashi ne, ranar biya tana zuwa, sunan wanda ya saɓa kuma yana shiga ma'adanar nan da muka ambata. Tambayar jimlar nawa zan biya tana nan a kansa.

WANNE ZA A FARA BIYA

Wanda bashi ya yi wa katutu yakan ƙi lissafa shi, kamar mai ciwon da ke tsoron ganin likita. Ya san ana binsa nan da can, amma bai taɓa haɗa jimlar ba. Matakin farko shi ne takarda da alƙalami. A rubuta kowane bashi, da mai shi, da abin da ya saura, da ranar biya, da abin da yake ci kowane wata, da abin da zai faru in an saɓa. Kada a bar na mai shago, ko na mai nama, ko zubin adashi, ko wanda aka karɓa hannun uwargida aka ce gobe. Musamman wanda ya riga ya kwashi adashi, duk zubin da ya rage bashi ne a wuyansa, ko da ba ruwa a ciki.

Mu koma ga ma'aikacinmu. A ce albashinsa ₦120,000 ne a wata. Banki yana cire ₦37,000, ƙungiyar gama kai ta ma'aikata tana cire ₦10,000, manhajar waya tana cin ₦8,000 a wata ba tare da uwar kuɗin ta ragu ba. Mai shago yana binsa ₦35,000 na masara da mai da sabulu, wansa kuma ₦50,000 tun ranar suna. Abin da ya rage masa na cefane da haya da makaranta da kuɗin mota shi ne ₦65,000. Tun a nan an ga ɓaraka. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta hana mai aiki ya cire fiye da sulusin ladan ma'aikaci a wata guda. Gaskiya ne dokar ba ta kai ga abin da banki yake ɗeba bayan albashi ya shiga asusu ba, amma ma'auni ne mai kyau da kowa zai auna kansa da shi. Sulusin ₦120,000 shi ne ₦40,000, mutuminmu kuwa yana ba da ₦55,000. Ma'aikacin tarayya ma yana da wani abin tsoro na dabam, domin Dokokin Aikin Gwamnati, bugun 2008, sun sa nutsewa cikin bashi a jerin manyan laifuffuka, sun kuma ce an nutse idan bashin da ba shi da jingina ya zarce albashin wata uku.

To, wanne zai fara kashewa? Abin da zuciya take so shi ne a fara sallamar wanda ya fi surutu, ko wanda aka fi jin kunyarsa. Lissafi kuwa ya nuna ƙaramin cikinsu, watau na waya, shi ne macijin. Naira 24,000 za ta kashe shi har abada. In ya sayar da tunkiya, ko wani abu na gida da ba a bukata ta gaggawa, ko ya nemi ƙungiyar gama kai ta ba shi wannan adadi da ruwanta mai sauƙi, to daga wannan wata ₦8,000 ta dawo hannunsa. A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe, domin sai su mai da kuɗin nan cikin cefane su manta. Abin da ya dace shi ne a ɗauka kuɗin ba su dawo ba, a juya su kan bashi na gaba. Naira 8,000 a wata za ta share ₦85,000 na mai shago da na wansa cikin wata 11. A daidai lokacin kuma rancen banki yana ƙarewa, ₦37,000 ta kuɓuta. Cikin shekara guda, ba tare da an ƙara masa ko sisi a albashi ba, mutumin da ke rayuwa a kan ₦65,000 ya koma yana da ₦110,000.

Sai dai ƙa'idar nan ta a fara da mafi tsada tana da togiya biyu. Ta farko, bashin da saɓa shi zai raba mutum da muhallinsa ko da abin sana'arsa shi ne gaba da komai. Kuɗin haya, da balas ɗin mai keke napep, da rancen da aka jinginar da takardar gida ko gona a kansa, waɗannan ba a wasa da su, domin wanda aka karɓe wa keke ba shi da abin da zai biya sauran. Ta biyu, rashin ruwa a bashin ɗan'uwa da mai shago ba dalili ne na a yi musu shiru ba. Su ne suka ba da nasu don Allah da zumunci, su ne kuma za a koma wurinsu ranar da yaro ya kwanta ciwo da tsakar dare, lokacin da ba bankin da yake buɗe. A je a same su, a faɗa musu wata kaza za a fara, nawa-nawa za a riƙa kawowa, sa'an nan a cika.

Duk wannan shiri ba ya tafiya sai an rufe ƙofar sabon bashi, kuma mun san ba abu ne mai sauƙi ba. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabo, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamba 2024. Mafi ƙarancin albashi na ₦70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai cike giɓin ba. Mutane da yawa abinci suke rantawa, ba alatu ba, kuma ba mai zarginsu. Amma akwai bashin da ba yunwa ce ta kawo shi ba: kayan lefe da na ɗaki da ake yi don idon jama'a, anko, ragon layya ga wanda ba shi da hali, babbar waya. A nan ne maigida da uwargida ya kamata su zauna su buɗe wa juna takardar nan. Gidan da miji yake ɓoye bashinsa, matar tana ɓoye adashinta, ba ya fita da wuri.

JE KA SAME SHI KAFIN YA ZO

Akwai ranar da mai niyyar biya ma yakan kasa. Albashi ya makara, ko ciwo ya shigo, ko ruwa ya ci gona. Mazauna gaɓar Binuwai sun san wannan sarai. A 2012 da 2022 ambaliya ta shafe gonaki da gidaje bayan an saki ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru, a Yulin 2025 kuma ruwa ya yi ɓarna mai yawa a unguwannin Yola ta Kudu, har da hasarar rayuka. Ambaliya ba ta goge bashi. Abin da ya kamata wanda abin ya shafa ya yi shi ne ya riga mai binsa magana. Ya je banki tun ranar biya ba ta zo ba, da takarda a rubuce da shaidar abin da ya same shi, ya nemi a tsawaita wa'adi, ko a rage abin da ake cirewa, ko a ɗaga masa 'yan watanni, ko a yafe tara. Banki ya fi son kuɗinsa su dawo a hankali da a ce ya shiga shari'a. Wanda ya kashe waya ya ɓuya kuwa, ya jefar da wannan dama da hannunsa. Amma a lura, tsawaita wa'adi yana rage na wata, yana ƙara jimla, saboda haka magani ne na lalura. Duk abin da aka daidaita a kai kuma a karɓe shi a rubuce, da sa hannu da hatimi.

Rubutun nan bai tsaya ga banki ba. Da yawa daga cikin rigingimun bashi da ke zuwa gaban alƙalai tsakanin 'yan'uwa da abokai ne waɗanda suka ji nauyin rubutawa, wannan ya ce kaza ne, wancan ya ce ba haka ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Kirista da Musulmi, duk wanda ya ba da ko ya karɓa, ya rubuta adadi da rana da shaidu biyu, in an biya wani abu a rubuta a bayan takardar.

ABIN DA DOKA TA HANA MAI BIN BASHI

Kasa biyan bashi ba laifi ne na kamu ba. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 duka sun hana a kama mutum don saɓa yarjejeniya kawai, sun kuma hana a kama wani a madadin wani. Ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar bashi ba ne, kotu ce wurinsa. Amma wanda ya karɓi kuɗi da yaudara, wannan laifi ne. Haka kuma wanda ya rubuta cek alhali ba kuɗi a asusunsa, dokar 1977 ta tanadar masa ɗaurin shekara 2 ba zaɓin tara. Masu ba da rance da yawa sukan nemi a ajiye musu cek mai kwanan wata na gaba, don haka a yi hattara da abin da ake sa wa hannu.

Wasu masu rancen waya sun shahara da wata mummunar hanya. Sukan kwashe lambobin da ke cikin wayar mai rance, in ya makara su aika wa surukansa da shugabansa na aiki saƙon cewa ɓarawo ne, wani lokaci har da hotonsa. Wannan haramun ne a doka. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wadda aka fi sani da FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Ikko a watan Maris 2022, a shekarar kuma ta wajabta musu rajista, ta ƙara tsaurara ƙa'idojin a 2025. Hukumar tana wallafa sunayen waɗanda ta amince da su, ya kamata a duba kafin a karɓa. Kamfanin Google ma daga ƙarshen Mayu 2023 ya hana manhajojin rance leƙa lambobi da hotunan da ke cikin waya, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuma ta ba wanda aka tozarta ikon kai ƙara. A adana saƙonnin, su ne shaida. Sai dai cin mutuncin da suka yi bai sauke ainihin kuɗin da aka karɓa ba.

Mai keke ko mota da ya karɓa bisa rubutacciyar yarjejeniyar haya da niyyar mallaka, dokar 1965 ta ba shi kariya. In ya riga ya biya kashi uku cikin biyar na farashin, mai abin ba shi da ikon ƙwacewa ya mallake sai ta hanyar kotu. Amma wanda ba shi da takarda, ba shi da rasit na balas ɗin da ya yi ta kaiwa, da me zai nuna ya kai kashi ukun?

In kuwa banki ne ya cire abin da ya wuce ƙa'ida, a fara rubuta masa ƙara a karɓi lambar shaida. In mako biyu ko wata guda ya wuce, gwargwadon irin ƙarar, ba a warware ba, sai a kai ga sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki, wanda yake da reshe a Yola kamar sauran manyan biranen jihohi.

TSAYA WA WANI, DA RANCEN GWAMNATI

Wanda ya sa hannu ya tsaya wa abokinsa ya sani cewa bashin ya zama nasa ranar da abokin ya kasa. Kada ka tsaya wa kowa a kan adadin da ba za ka iya biya daga aljihunka ba, komai kusancinku. Mutuwa ma ba ta yafe bashi, daga dukiyar mamaci ake fitar da shi kafin a raba gado, shi ya sa ya kyautu iyali su san inda takardar take. Rushewar banki haka nan. Da aka soke lasisin bankin Heritage a Yunin 2024, hukumar inshorar ajiya ta NDIC ce ta ci gaba da bin waɗanda bankin yake bi.

Akwai kuma wani kuskure da ya yaɗu, watau ɗaukar rancen gwamnati kamar rabon ganima. Shirin rancen manoma da aka ƙaddamar a Jihar Kebbi a Nuwamba 2015, wanda ya kai ga manoman shinkafa a jihohi da yawa, da rancen rage raɗaɗin annobar korona na 2020 da aka bayar ta bankin NIRSAL, duka rance ne da aka sa wa hannu da lambar BVN. Da yawa waɗanda suka ɗauka kyauta ce sun wayi gari an ɗebe kuɗi daga asusunsu bayan shekaru. Rancen ɗalibai na asusun NELFUND da aka fara a 2024 ba shi da ruwa, amma shi ma za a fara biyansa shekara 2 bayan hidimar ƙasa. Ɗaliban Jami'ar Modibbo Adama da takwarorinsu na ko'ina su shiga da sanin haka.

Ranar da aka yi biya na ƙarshe, da sauran aiki kaɗan. A nemi banki ko ƙungiya ta ba da takardar shaidar an gama biya, a karɓo takardar fili ko cek ko duk abin da aka ajiye jingina, a tabbata an tsai da umurnin cirewa daga albashi. Bayan wata biyu ko uku sai a nemi rahoton tarihin bashi daga ɗaya daga cikin kamfanoni ukun nan, domin dokar 2017 ta ba kowa ikon karɓar nasa kyauta sau ɗaya a shekara. Yakan faru a ga bashin da aka biya tuntuni yana nan a rubuce kamar ba a biya ba, ko a ga wanda mutum bai taɓa ci ba. In an ga haka, a rubuta wa kamfanin da bankin da ya kai labarin, a haɗa da kwafin takardar shaidar, a nemi su gyara.